Gwamma Mai Dambu da Fitilu Ɗari na Birnin Jangarwashi

Wanda bai taɓa cin dambun Gwamma ba, kada ya zo yana yi mini musu a kan wannan labari. Ni na ci, shekara goma sha ɗaya ina ci, lokacin da nake tuƙa motar ma'aikata a wata tashar wutar lantarki da ke bakin wani kogi. Tabon sarƙar da ke ƙafar mijinta kuwa da idona na gan shi, ba ji na yi ba.

Gwamma rumfa gare ta a ƙofar tashar. Murhu ɗaya, tukunya a ƙasa, madambaci a samanta, wato tukunyar nan mai huje-huje a gindi da ake turara dambu a ciki. Injiniyoyi da leburori duk wurinta suke cin abincin rana, suna ci suna gardamar aiki, ita kuwa tana zuba man gyaɗa tana saurare. Mijinta Sallau shi ne mai kula da tukunyar tururi a cikin tashar. Ya iya aikinsa, wannan ba a hana shi ba. Amma fa Allah ya yi shi da baki! Shekara ashirin da biyu da aurensu, Gwamma ba ta taɓa jin ya ce "ban sani ba" ko "ban iya ba". Ko jirgin sama ne ya wuce yana wata ƙara, sai Sallau ya ɗaga kai ya faɗi abin da ya lalace a cikinsa. In kuwa ta ɗan sa baki a hirar aiki, sai ya ce, "Gwamma, ke dai tsaya a kan dambunki."

Ran nan da rana tsaka, wata guguwa ta taso daga bayan tashar, ta zagaya juji sau uku, ta wuce. Daga ranar ba a sake ganin Sallau ba. Aka duba kogi, aka duba asibiti, aka kai cigiya kasuwanni, shiru. Gwamma ta yi kuka har idonta ya ƙanƙance. Duk surutunsa da cika bakinsa, tana son abinta.

A kwana na talatin da ɓatansa, wani dogon mutum mai jan rawani ya tsaya a rumfarta da azahar, babu kowa sai ita. Ya ce a zuba masa. Ta sunkuya za ta ɗauki kwano, sai ta ga ƙafarsa, ashe kofato ne. A kafaɗarsa kuma ga hular kwanon Sallau a rataye, ta gane ta da fentin da ya ɗiga a gefenta. Wata ce da ta sume. Gwamma kuwa bakin rigarsa ta cafke ta naɗe a hannu.

Ta ce, "Bawan Allah, ko mutum ne kai ko aljan, ba za ka gusa daga nan ba sai ka gaya mini inda maigidana yake."

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, sassauta riƙonki. Sunana Tartsatsi, manzon Sarki Ƙyastu na Birnin Jangarwashi. Mijinki na hannunmu, bakinsa ne ya kai shi. Mun ji shi a wannan rumfa yana cewa, da shi za a bar wa tashar nan, da ko ƙwayar zafi ba ta salwanta ba. Muka ɗauke shi don ya gyara mana tamu. Ya rantse gaban sarki zai kunna fitilu ɗari cikin kwana arba'in. Talatin sun wuce, bai ƙara ko ɗaya ba. Ranar arba'in za a jefa shi a bakin Kaka. Shi ya roƙa a kawo miki hularsa, ya ce ki yafe masa."

Ta ce, "Wace ce Kaka?"

Ya ce, "Wuta, wadda daga gare ta aka halicce mu."

Gwamma ta yi salati. Ta ce, "Baki shi kan yanka wuya, na sha gaya masa. To, yafiya sai na gan shi ido da ido. Wuce mu tafi."

Tartsatsi ya ce, "Ba na iya ɗaukarki, ba a ba ni umarnin haka ba. Ƙofa kawai zan buɗe miki, hanyar kuwa da ƙafarki za ki ci ta. Kwana uku ce, kuma ba kowa ke kaiwa ba."

Ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta kife hular kwanon a kan ɗankwalinta, ta sa tsofaffin takalman aikin Sallau masu kaurin roba da ke ajiye a rumfar, ta ɗaure tukunya da madambaci a baya kamar goyo. Ta ƙulle tsakin masara, wake, zogale, ƙuli da garin kuka a zane. Tartsatsi ya buga kofatonsa a bakin juji, ƙasa ta tsage, ga matakala tana gangarawa. Ya rikiɗe guguwa ya shige, ita kuma ta bi da bisimilla.

Wuni na farko ta faɗa wani fili na toka mai zafi, iyakar ganin ido. Babu rana a can, sai wani jan haske da ke tasowa daga ƙasa. Takalman suka fara wari. Ta lura inda tokar ta yi fari ta huce, inda ta yi ja-ja kuwa garwashi ne a kwance. Macen da ta shekara ashirin tana kwashe toka a murhu ai ba a koya mata wannan. Ta yi ta bin farin tana kauce wa jan, tana tafe tana mita ita kaɗai, har ta fita da ƙafafunta lafiya, sai dai gindin takalmin ya narke rabi.

Wuni na biyu ta iso bakin wani kogi da ke tafasa, fal-fal-fal, tururi ya rufe ƙetarensa. Wani ƙaton kunkuru, bayansa ya kai rumfarta biyu, ya ɗago kai daga ciki.

Ya ce, "Ya ke mai goyon tukwane, ni ne mai fiton wannan kogi. Ba na karɓar zinariya ba na karɓar azurfa. Ladana abinci ne dafaffe, wanda wuta ba ta lasa ba, ruwa kuma bai taɓa ba. Jarumai bakwai sun zo nan, ga ƙasusuwansu can."

Gwamma ta dubi ƙasusuwan, ta dubi kunkurun, sai dariya ta kusa ƙwace mata. Ta ce, "Baba kunkuru, Allah ya ji ƙan jaruman nan, amma da alama babu wanda ya taɓa shiga madafi a cikinsu."

Ta kwance madambaci, ta cuɗa tsaki da ɗanyen zogale har damshinsa ya kama shi, ta rufe, ta saƙale shi a bakin wani dutse da ya leƙa kan kogin, inda tururi ke bugowa. Kafin ta gama hutawa ƙamshi ya tashi. Ta barbaɗa ƙuli ta miƙa masa. Kunkuru ya ci, ya lumshe ido, ya ce rabonsa da abinci tun kafin a gina ganuwar birnin. Ya ɗauke ta a baya ya ƙetar da ita, har yana tambaya ko akwai saura.

Wuni na uku ta shiga dajin tagulla. Itatuwan ba ganye, sai igiyoyin jan ƙarfe da suka miƙe daga wannan zuwa wancan suna wani irin gunji. Ƙarƙashinsu rami ne ba iyaka, hanya kuwa babu sai kan igiyoyin. Ta tsaya ta ga tsuntsaye jere a kan igiya ɗaya, hankalinsu kwance. Sai wani babban jemage ya zo, fiffikensa ya haɗa igiya biyu, tau! ya faɗi ƙurmus. Nan ta tuna maganar da ta sha ji a rumfa: wutar lantarki ba ta kama wanda ya tsaya a waya ɗaya, sai wanda ya zama gada tsakanin biyu. Ta zaɓi igiya mafi kauri, ta ƙanƙame hannuwanta a ƙirji duk da ga wata igiyar kusa da kafaɗarta tana kiran a dafa ta. Sau biyu ta yi tangal-tangal. Tana addu'a tana jan ƙafa, har ta taka ƙasa a ƙofar Birnin Jangarwashi.

Birni ne ƙato, amma abin tausayi. Tunda ba su da rana, da fitilun lantarki suke noma, da su suke komai. Unguwannin da ke kusa da fada ne kawai ke da haske. Sauran duk duhu, gonaki sun yi rawaya, 'ya'yan aljanu na zaune a ƙofar gidaje sun yi zuru-zuru. Aka wuce da ita fada.

Sarki Ƙyastu na zaune a kan gadon baƙin dutse, gemunsa na hayaƙi. Bayansa ga fitilu ɗari a jere a bango, talatin da biyar na ci, sauran a mace. Gefe guda kuma ga Sallau, an ɗaure ƙafarsa da sarƙa, ya rame, gashin bakinsa da yake taƙama da shi ya babbake gefe ɗaya. Da ya gan ta sai ya sunkuyar da kai.

Gwamma ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin sarki. Baƙuwa ce ni, na zo biɗar maigidana."

Sarki ya ce, "Ya ke 'yar Adam, kin ci hanyar da maza suka kasa, don haka za a saurare ki. Dubi bangon nan. Kowace fitila mudu guda ce cikin mudu ɗari na abincin da muke ba Kaka. Wadda ta kama, mudunta ya zama haske. Wadda ta mutu, mudunta ya salwanta. A dā rijiyar iskar da Kaka ke ci tana da ƙarfi, ba mu damu da asara ba. Yanzu rijiya ta ja baya, jama'ata na cikin duhu. Wannan mutum ya ce zai kunna ɗari. A wurinmu magana sarƙa ce, wanda ya faɗe ta ya ɗaura wa kansa. Saura kwana bakwai."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini izini in ga ɗakin Kaka, kuma a bar maigidana ya nuna mini."

Aka tsawaita sarƙar, aka raka su. Suna shiga Sallau ya fara raɗa, "Gwamma, me ya kawo ki? Wa ya ce ki zo? Wannan ba aikin..."

Ta ce, "Malam, in ka ce dambu, wallahi na juya."

Ya haɗiye sauran. Ya nuna mata komai, kuma a karon farko a rayuwarsu ya yi mata bayani yadda ake yi wa mai hankali. Ga bututun da ke kawo iskar gas daga rijiya. Ga ɗakin da take kamawa da wuta. Hucin wutar ya fito da ƙarfi ya bugi wata farfela mai fukafukai dubu, farfela ta juya wani ƙaton sandan ƙarfe, sandan ya juya maganaɗisu a cikin naɗin tagulla, daga nan lantarki ya fita ya bi igiyoyin dajin da ta ratso. Ya ce ya ƙara wa wutar zafi har fukafukan suka fara lanƙwashewa, dole ya sassauta. Ya share, ya ɗaure, ya shafa mai, fitila ko ɗaya ba ta ƙaru ba.

Gwamma ta ce, "To, hucin da ya gama juya farfelar, ina yake zuwa?"

Ya nuna mata wata doguwar hasumiya. Ta matsa kusa, tun daga taku ashirin zafi ya kore ta. Ta ce, "Kai! Wannan ai raƙumi zai gasa! Duk wannan a banza yake tafiya?"

Sallau ya ce, "Nan fitilun suke mutuwa, na sani. Na ce a toshe bakin hasumiyar, saura kaɗan su cinye ni ɗanye. Gashin bakina a nan ya tafi. Wai numfashin Kaka ne, ba a tare shi, ba a rufe mata baki. Wanda ya yi haka ya zagi kakarsu."

Gwamma ta ɗaga kai ta dubi hasumiyar. Can ta ce, "Toshewa ka ce musu? Haba Malam. Ko ni aka ce za a toshe wa kakata baki ai sai inda ƙarfina ya ƙare."

Washegari ta roƙi izinin yi wa sarki girki a tsakiyar fada. Fadawa suka taru, har da Waziri, wani siririn aljani mai ido ɗaya da ba ya yarda da komai. Ta kafa duwatsu uku, ta roƙi garwashi. Kafin ta ɗora tukunya sai da ta gaida wutar, ta ce, "Sannu Kaka, a taimaka wa baƙuwa." Fadawa suka dubi juna, abin ya yi musu daɗi. Ta zuba wake da ruwa a tukunyar ƙasa. Da ya tafasa tururi ya fara tashi, ta ɗora madambaci da tsaki a kai, ta kwaɓa garin kuka ta liƙe mahaɗar don kada tururin ya zurare ta gefe. Da lokaci ya yi ta sauke, ga wake ya nuna, ga dambu ya yi washar-washar. Sarki ya ci wannan ya ci wancan.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wuta nawa na hura?"

Ya ce, "Ɗaya."

"Abinci nawa sarki ya ci?"

"Biyu."

"Na rufe wa Kaka baki?"

Sarki ya dubi madambacin, ga tururi na fita ta gefen murfi abinsa. Ya ce, "Ba ki rufe ba. Numfashinta ya bi ta cikin na biyun ya wuce."

Waziri ya yi tsalle ya ce, "Allah ya taimaki sarki, wayo ne irin na bil'adama! So take ta sa Kaka aiki biyu kamar baiwa. Tun kakannin kakanninmu numfashin Kaka kai tsaye yake fita, ba a gitta masa komai."

Gwamma ta juya gare shi ta ce, "Ranka ya daɗe Waziri, ni baƙauya ce, a gyara mini in na yi kuskure. A garinmu, in tsohuwa za ta fita daga gidan jikokinta ta miƙo musu abu a hannu, wanda ya karɓa da hannu biyu da wanda ya juya mata baya, wanne ne ya raina ta? Kaka ta gama juya muku farfela, ta fito hannunta cike da zafi tana miƙo muku, jikokinta na can cikin duhu, ku kuwa kun buɗe mata ƙofa kun ce ta tafi da kayanta. Shekara nawa tana miƙowa ba mai karɓa? Ni dai da ni ce ita, da na yi fushi na janye rijiyata."

Gemun sarki ya daina hayaƙi. Wata tsohuwar aljana a bayan taro ta fashe da kuka, tana cewa, "Wayyo Kaka, mun yi miki rashin kunya ba mu sani ba!"

Sarki ya ce, "Yaya ake karɓa, ya ke 'yar Adam?"

Gwamma ta ce, "Ni iyakacina madambaci. Yadda za a ƙera shi da ƙarfe, ga mai shi nan a ɗaure. Duk ƙasarmu ba wanda ya fi shi sanin tukunyar tururi."

Sallau ya ɗago kai ya dube ta, bakinsa a buɗe. Sai kuma idonsa ya kawo haske, ya ce a ba shi gawayi. Ya durƙusa a daɓen fada ya fara zane. Hucin zai bi ta wani dogon ɗaki kafin ya kai hasumiya, ɗakin cike da bututai masu ruwa, ba abin da zai tare shi, shafarsu kawai zai yi ya wuce. Ruwan ya tafasa ya zama tururi, tururin ya juya farfela ta biyu da nata maganaɗisun. Daga nan tururin ya bi ta cikin ruwan Kogin Sanyi da ke gangarowa bayan birnin, ya huce ya koma ruwa, a sake mai da shi tukunya.

Aikin aljanu ba irin namu ba ne. Maƙera dubu suka fito, wasu na narka ƙarfe da tafin hannu, wasu na lanƙwasa bututu a gwiwa. Sallau na tsaye da sarƙarsa yana ba da umarni, yau ga ranar baki. Gwamma na biye da su, duk mahaɗar da ta ji tana tsiyayar tururi sai ta nuna a liƙe, don kunnenta ya san wannan shiii ɗin tun tana budurwa. Kwana biyar suka gama.

Ranar arba'in aka taru a fada. Aka buɗe wa hucin sabuwar hanya. Shiru, shiru, har Waziri ya fara murmushi. Sai aka ji wani gunji daga nesa, farfela ta biyu ta ɗauka. Fitila ta talatin da shida ta kama. Ta talatin da bakwai. Arba'in. Fadawa na ƙirgawa da ƙarfi, hamsin, hamsin da biyar, hamsin da takwas. Nan ta tsaya. Daga waje kuwa sai guɗa da ihu, unguwannin da suka shekara cikin duhu duk sun haskaka, ba a ƙara wa Kaka ko mudu guda na abinci ba.

Gwamma ta ji sanyi a ranta, ta ɗauka an gama. Ina! Sarki ya ɗaga hannu aka yi shiru.

Ya ce, "Kun yi mana alherin da ba za mu manta ba. Amma ɗari ya ce, ga hamsin da takwas. Sarƙar ba ni na ɗaura ba, ba kuma ni zan kwance ba. Yau ce ranar."

Aljanu huɗu suka matso kusa da Sallau. Waziri ya ce, "Allah ya taimaki sarki, na gano ɓarawon sauran. Na sa hannu a Kogin Sanyi bayan ya wuce bututan nan, na ji ya yi ɗumi. Kogi ne ke sace zafin Kaka. A datse shi, ɗari za ta cika."

Sallau ya buɗe baki zai yi magana, Gwamma ta taka masa ƙafa. Ta san gani ya kori ji. Ta ce, "A datse, ranka ya daɗe."

Aka datse kogin. Ba a daɗe ba gunjin farfela ta biyu ya fara sauka. Tururi ya rasa inda zai huce, na baya ya tokare na gaba, ya daina gudu. Fitilu suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, hamsin, arba'in da uku, har suka koma talatin da biyar. Guɗar waje ta koma kururuwa. Sarki ya miƙe tsaye ya daka tsawa a saki kogin. Aka saki, fitilu suka dawo hamsin da takwas.

Gwamma ta ce, "Ranka ya daɗe, kogi ba ɓarawo ba ne, rabonsa yake karɓa. Zafi ba ya tafiya sai ya ga sanyin da zai je, kuma a cikin tafiyar tasa yake yi mana aiki. In aka hana shi wurin zuwa, ya zauna, aiki ya tsaya. Wataƙila wata rana jikokinku su ƙara fitila biyu ko uku. Ɗari kuwa, babu mai kunna ta, mutum ko aljan."

Sarki ya dubi bangon. Ya ce, "Na gani da idona, kin yi gaskiya. Amma sarƙar magana ba ta jin bakin wani. Wanda ya faɗa, shi zai janye da harshensa, a gaban waɗanda ya faɗa wa. In ya yi, ta sake shi. In ya kasa, Kaka na jira."

Duk fada ta juya ga Sallau. To, ku da ba ku san shi ba za ku ce wannan ai abu ne mai sauƙi. Ni da na san shi, na rantse da a ce masa ya sake ƙera wata tashar da ya fi masa sauƙi. Gumi ya karyo masa. Ya ce, "Wato, ranka ya daɗe, da an ba ni isasshen lokaci da kayan aiki..." Sarƙar ta ƙara matse ƙafarsa har ta shiga nama, ya yi ƙara. Tabon da na ce na gani ke nan.

Gwamma ba ta roƙe shi ba, ba ta yi masa faɗa ba. Ta cire hular kwanon daga kanta, ta matso ta ɗora masa, ta gyara mata zama. Ta ce a hankali, "Malam, ni dai ba zan koma ni kaɗai ba."

Sallau ya dubi takalmansa da suka narke a ƙafarta. Ya dubi tafin hannunta da tururi ya sale. Sai ya juya ga sarki, ya ɗaga murya yadda na bayan taro zai ji.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya na yi. Ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba, na faɗa ne don a ce na sani. Wanda aka samu ɗin ma, ni ƙarfe na haɗa, amma dabarar ta matata ce, wadda na shekara ashirin da biyu ina ce mata ta tsaya a kan dambunta."

Sarƙar ta faɗi ƙasa, ƙwal.

Aka yi biki a Birnin Jangarwashi. Kafin su taho, Gwamma ta ce ruwan ɗumin nan ma kada a bar shi haka, a ja shi gonaki da wuraren wanka, Waziri da kansa ya ɗauki fartanya. Sarki ya ce ta zaɓi abin da take so cikin taskarsa. Ta ce a ba ta takalmi, kuma a aika wa kunkurun nan da dambu duk Juma'a, ta koya wa matan fada yadda ake yi. Tartsatsi ya naɗe su a guguwa, ya dire su bakin juji da hantsi.

Ni ina ƙofar tashar a ranar, ina goge gilashin mota. Sai ga Sallau ya ɓullo yana ɗingishi, tukunya da madambaci a kansa, Gwamma na biye da shi hannu sake. Ma'aikata suka yanyame su, ana salati ana dariya. Ya sauke kayan a rumfa, ya jera mata duwatsun murhu da hannunsa. Ana cikin haka wani sabon injiniya, da ya ji an ce ga mutumin da ya san komai ya dawo, ya matso ya tambaye shi dalilin wata ƙara da famfon ruwa ke yi tun makon jiya. Muka gyara tsayuwa muna jiran lacca.

Sallau ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi ban sani ba. Bari in je in saurara tukuna. Gwamma, ko za ki zo ki ji? Kunnenki ya fi nawa."

Gwamma ta juya mana baya da sauri tana goge ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne ya shige mata. Na leƙa murhun, ko ashana ba a ƙyasta ba tukuna.